HCP: Yadda ake farautar ragowar furotin a cikin magungunan antibodi

A cikin ƙaramar kwalbar trastuzumab, allurar da ake yi wa masu fama da wani nau'in sankarar mama, akwai gari da ake narkarwa da ruwa kafin a saka wa majiyyaciya ta jijiya. Kusan duk furotin ɗin da ke cikin garin iri ɗaya ne, wato maganin da likita ya rubuta. Sai dai akwai ɗan abin da ya saura, wanda idan aka ɗora shi a sikeli bai taka kara ya karya ba, amma kamfanonin harhaɗa magunguna da hukumomin da ke sa musu ido suna kashe shekaru da maƙudan kuɗi wajen bin sawunsa. Wannan saura shi ne furotin ɗin ƙwayoyin halittar da aka yi renonsu domin su ƙera maganin. Masana na kiran waɗannan ƙwayoyi masu masauki, sannan suna taƙaita sunan ragowar furotin ɗin nasu da haruffa uku: HCP.

Tambayoyi biyu ake yi wa wannan ragowa. Ta farko: nawa ya saura? Ta biyu: waɗanne ne suka saura? An daɗe da samun hanyar amsa ta farko. Abin da ya faru a gwaje-gwajen magunguna cikin shekaru 25 da suka wuce ya nuna cewa amsar farko kaɗai ba ta wadatarwa, domin ƙaramin adadi yana iya ɓoye furotin guda ɗaya mai haɗari.

Mene ne maganin antibodi?

Antibodi furotin ne da garkuwar jiki ke ƙerawa domin ya gane baƙon abu ya riƙe shi. Siffarsa kamar harafin Y take: hannuwa biyu da ke cafke abin da aka nufa, da jijiya ɗaya da ke kiran sauran dakarun jiki su zo su ƙarasa aiki.

Amfani da antibodi a matsayin magani ya girmi masana'antar zamani. A shekarar 1890 Emil von Behring da Kitasato Shibasaburo suka nuna cewa ruwan jinin dabbar da ta samu garkuwa yana iya kare wata dabbar. Ba da jimawa ba aka shiga yi wa masu cutar mashaƙo allurar ruwan jinin doki. Maganin ya ceci rayuka, amma a 1905 likitoci biyu a birnin Biyana, Clemens von Pirquet da Béla Schick, suka bayyana wata cuta da ke biyo bayansa: zazzaɓi, ƙuraje da ciwon gaɓoɓi, bayan mako ɗaya ko biyu da yin allurar. Jikin mutum ne ke yi wa furotin ɗin doki tawaye. Har yau daga jinin dawaki ko tumaki ake samar da maganin dafin maciji, irin wanda ake yi wa jama'a a asibitin Kaltungo da ke Jihar Gombe, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke tsare mutum suna lura da shi bayan an yi masa allurar.

A 1975 Georges Köhler da César Milstein, a Kambirij da ke Ingila, suka gano yadda za a samar da antibodi iri ɗaya tak daga zuriyar ƙwayar halitta guda, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1984. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da magani na farko irin wannan a 1986, domin hana jiki ƙin ƙodar da aka dasa. Rituximab ya biyo baya a 1997, trastuzumab a 1998, adalimumab a 2002. A 2021 adadin magungunan antibodi da hukumar ta amince da su ya kai 100. Galibi sunayensu kan ƙare da haruffan "mab".

Daga ina ragowar furotin ke fitowa?

Ƙwayar sinadarin asfirin tana ɗauke da atom 21, kuma ana iya haɗa ta a masana'anta ta hanyar gauraya sinadarai. Antibodi guda yana da atom wajen 20,000 a jere cikin tsari mai sarƙaƙiya. Babu injin da ke iya harhaɗa shi da yawa. Sai dai a ba ƙwaya mai rai umarni ta ƙera shi.

Ƙwayar da aka fi ba wa wannan aiki ita ce CHO. Asalinta daga ƙwan mahaifar hamsta ce, wata ƙaramar dabba mai kama da ɓera da ake samu a ƙasar Sin. Theodore Puck ne ya fara renon ta a Jami'ar Kolorado a 1957, kuma a 1987 aka amince da magani na farko da aka samar daga zuriyarta, wani furotin mai narkar da gudan jini. Ana saka wa ƙwayar umarnin gado na DNA da ke ɗauke da tsarin antibodin da ake so, sannan a zuba ta cikin tankuna na ƙarfe da wasunsu ke cin lita 10,000 zuwa 20,000. Ana ciyar da ita kimanin makonni biyu tana hayayyafa tana fitar da maganin cikin ruwan da take zaune.

Amma ƙwaya mai rai tana da nata hidimomin. Tana ƙera furotin na ci da na numfashi da na gyaran jikinta, tana fitar da wasu waje, kuma idan ta mutu ta fashe, duk abin da ke cikinta sai ya zube a ruwan. Binciken da aka wallafa a 2011 kan tsarin gadon ƙwayar CHO ya lissafa umarnin gado sama da 24,000. Ba dukansu ke aiki a lokaci guda ba, amma ruwan da ake kwashewa daga tanki yakan ƙunshi furotin daban-daban fiye da nau'i dubu ɗaya, banda maganin kansa.

Daga nan sai tacewa, wadda ta yi kama da sussuka da sheƙa da tsinta. Da farko ana ware ƙwayoyin da tarkacensu ta hanyar juya ruwan da ƙarfi da kuma bi da shi ta matata. Sannan a tura shi cikin wani bututu da aka cika da gari mai laushi wanda aka lulluɓe da Furotin A, wani furotin da asalinsa daga bakteriya ne, mai riƙe jijiyar antibodi ya bar saura su wuce. Wannan mataki ɗaya yana kawar da mafi yawan HCP. Bayansa akwai bututu ɗaya ko biyu da ke rarrabe furotin bisa cajin lantarkin da ke jikinsu ko bisa yadda suke ƙin ruwa, da kuma matakan kashe ƙwayoyin bairos da tace su.

Duk da haka wasu sukan tsira. Wasu suna manne wa jikin antibodin, su bi shi duk inda ya shiga, kamar ƙarangiya a gefen riga. Wasu halinsu ya yi kusa da na maganin har bututun ya kasa rarrabe su. Wasu kuma suna dunƙulewa da guntayen DNA su wuce a haka. Saboda kowane antibodi da irin fuskarsa, furotin ɗin da ke manne wa wannan ba lallai ne ya manne wa wancan ba.

Yadda ake lissafin su

Ana auna HCP da nanogiram a cikin kowane miligiram na magani, wato kashi ɗaya cikin miliyan. A ruwan da ya fito daga tanki adadin yakan kai dubban ɗaruruwa cikin miliyan. A maganin da aka gama tacewa, abin da masana'antar ta saba nema shi ne ƙasa da 100 cikin miliyan, kuma da yawa suna sauka ƙasa da 10.

Idan aka kwatanta da buhun shinkafa mai kilo 50, kashi 100 cikin miliyan shi ne giram 5 na tsakuwa, kusan cikin ƙaramin cokali. Kashi ɗaya cikin miliyan kuwa bai wuce nauyin ƙwayar shinkafa biyu ko uku ba. Ta ɓangaren majiyyaci, mace mai kilo 70 da ake ba trastuzumab miligiram 6 ga kowane kilo tana karɓar miligiram 420 duk bayan mako uku. Da a ce HCP ya kai 100 cikin miliyan, maikurogiram 42 na baƙon furotin ke shiga jininta a kowane zama, kuma jinyar kan ɗauki shekara guda.

Babu dokar da ta yanke adadi ɗaya ga dukan magunguna. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba Q6B, wadda majalisar daidaita ƙa'idojin magunguna ta ICH ta fitar a 1999, ta sanya HCP cikin ƙazantar da ke tasowa daga hanyar sarrafawa, ta kuma buƙaci a auna shi da gwaji mai kaifi. Kundin ƙa'idojin magunguna na Amurka ya ware masa babi na 1132, na Turai kuma babi na 2.6.34. Dukansu sun yi bayanin yadda za a yi awon, amma sun bar iyakar ga kowane magani, gwargwadon yawan abin da ake ba majiyyaci, tsawon jinyar, hanyar da ake shigar da shi da kuma halin mai karɓarsa. Wannan ya bambanta da ragowar DNA, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da ba da ma'aunin nanogiram 10 a kowace allura.

Me ya sa ake tsoronsu?

Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Illar HCP ta kasu gida uku. Na ɗaya, jiki yana iya gane furotin ɗin hamsta a matsayin baƙo ya ƙera masa antibodi. Na biyu, baƙon furotin yana iya tunzura garkuwar jiki har ta juya wa maganin kansa, ta rage masa ƙarfi. Na uku, wasu HCP enzayim ne, wato furotin masu yanka ko narkar da wasu sinadarai, kuma suna ci gaba da aikinsu a cikin kwalba tun kafin ta isa asibiti.

Darasi biyu na farko sun fito ne daga magungunan furotin da ba antibodi ba, amma kowa a fannin ya ɗauke su. Omnitrope, sinadarin girma da kamfanin Sandoz ya samar daga bakteriya, ya gamu da cikas a gwajinsa na farko: fiye da rabin yaran da aka yi wa allurar sun ƙera antibodi a kan maganin. Bincike ya danganta hakan da yawan furotin ɗin bakteriya da ya saura, wanda gwajin da aka fara amfani da shi bai nuna ainihin yawansa ba. Da aka ƙara matakan tacewa matsalar ta ragu sosai, kuma a 2006 Tarayyar Turai ta amince da shi.

A 2012 hukumar FDA ta dakatar da gwajin wani magani mai lamba IB1001, wanda aka samar daga ƙwayar CHO domin masu cutar rashin daskarewar jini. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka gwada a kansu sun ƙera antibodi a kan furotin ɗin hamsta. Kafin ƙarshen shekarar kamfanin da ke da shi, Inspiration Biopharmaceuticals, ya shigar da takardar durƙushewa a kotu. Sai da wani kamfanin ya saye maganin, aka ƙara masa bututun tacewa, sannan aka amince da shi a 2015 da sunan Ixinity.

ELISA: gwajin da ke ƙirga

Hanyar da aka fi dogaro da ita wajen awon HCP ita ce ELISA, wadda Eva Engvall da Peter Perlmann suka bayyana a Suwidin a 1971. Dabarar ita ce a yi amfani da antibodi wajen kama abin da ya gurɓata antibodi.

Ana fara renon ƙwayar CHO wadda ba a saka wa umarnin ƙera maganin ba, a cikin yanayi irin na tankin gaske. Abin da ta fitar HCP ne zalla. Sai a yi wa awaki, tumaki ko zomaye allurar wannan gauraye sau da yawa cikin watanni. Jikin dabbobin zai ƙera antibodi iri-iri a kan furotin ɗin hamsta. Daga jininsu ake tace waɗannan antibodi, su zama kayan gwaji.

A ɗakin gwaji ana shafa su a ƙasan faranti mai ramuka 96. Idan aka zuba samfurin magani, duk HCP ɗin da suka gane sai su riƙe shi. A wanke farantin, a zuba kashi na biyu na antibodin, wanda aka ɗaura wa wani enzayim. Shi ma ya riƙe HCP ɗin ta sama. Daga nan sai a zuba wani ruwa marar launi, enzayim ɗin ya mayar da shi shuɗi, a tsayar da aikin da asid, ruwan ya koma rawaya. Na'ura ta auna duhun launin, a kwatanta shi da na ramukan da aka san yawan HCP ɗin da ke cikinsu. Sakamakon lamba ɗaya ce.

Gwajin yana da kaifi har zuwa nanogiram kaɗan, yana da arha, ana gama shi a yini guda, kuma ana iya duba samfura da yawa lokaci ɗaya. Shi ya sa shi ake yi wa kowane rukunin magani kafin a sake shi. A farkon bincike kamfanoni kan sayi kayan gwajin da aka shirya don kasuwa. Idan magani ya kusa matakin ƙarshe na gwaji a kan mutane, hukumomi kan buƙaci gwajin da aka gina musamman a kan ƙwayar da kamfanin ke amfani da ita da hanyar sarrafawarsa, ko kuma hujjar cewa wanda ke hannu ya wadatar. Gina irin wannan gwaji yakan ci shekara ɗaya ko fiye.

Inda ELISA ke makancewa

ELISA ba ya ganin komai sai abin da akuyar ta gani. Idan wani furotin bai tayar wa dabbar da garkuwa ba, babu antibodin da zai kama shi, kuma ko yana da yawa a cikin maganin farantin ba zai canza launi ba. Wasu furotin kuma dabbar takan yi musu martani fiye da kima, sai su rinjayi sakamakon.

Akwai kuma matsalar cikowa. Antibodin da aka ware wa kowane furotin a cikin ramin kaɗan ne. Idan furotin guda ya tsira daga tacewa da yawa, sai ya cika duk guraben da aka tanadar masa, sauran a wanke su su tafi ba a ƙirga ba. Alamar hakan tana fitowa idan aka tsinka samfurin da ruwa. A ƙa'ida, idan an ninka ruwan sau biyu, launi ya kamata ya ragu da rabi, lissafin ƙarshe kuma ya zauna yadda yake. Idan kuwa adadin da ake lissafawa yana ƙaruwa duk lokacin da aka ƙara tsinkawa, to akwai wani furotin da ya fi ƙarfin gwajin.

Saboda haka ake buƙatar a auna faɗin ganin kayan gwajin. Tsohuwar hanya ita ce a baza HCP a kan faifan jel ta amfani da lantarki, ta gefe ɗaya bisa caji, ta ɗaya gefen bisa nauyi, har su rarrabu zuwa ɗaruruwan ɗigo. Sai a ƙirga ɗigon da antibodin dabbar ya gane, a kwatanta da jimillar. Sabuwar hanya ita ce a bar antibodin ya kamo abin da zai iya kamowa daga gaurayen, sannan a tantance sunayen waɗanda aka kamo da waɗanda suka kuɓuta. Babu kayan gwajin da ke gane duka. Haka kuma kayan ƙarewa suke yi. Idan jinin da aka tara ya ƙare, sabbin dabbobi ba za su ba da irinsa daidai ba, dole a sake daidaita gwajin.

LC-MS: gwajin da ke kiran suna

Hanya ta biyu ba ta bi ta jikin dabba. Ana kiranta LC-MS: bututun rarrabewa haɗe da na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari. Ana zuba wa samfurin enzayim mai suna tirifsin, wanda ke yayyanka kowane furotin a wurare sanannu, ya mayar da shi guntaye. Guntayen su bi ta siririn bututu su fito ɗaya bayan ɗaya. A bakin na'urar ana fesa su cikin caji mai ƙarfi, dabarar da ta ba John Fenn rabon kyautar Nobel a 2002. Na'urar ta auna nauyin kowane guntu, ta farfasa shi, ta sake auna ɓaraguzan. Daga nan kwamfuta ta kwatanta sakamakon da rumbun bayanan furotin ɗin hamsta, ta fitar da jerin sunaye tare da ƙiyasin yawan kowanne. Kammala karanta tsarin gadon CHO ne ya sa wannan rumbu ya samu.

Wahalar ita ce maganin ya rinjayi abin da ake nema sau dubu ɗari zuwa sau miliyan, kamar mai sauraron raɗa a tsakiyar kasuwa. An ɓullo da dabaru na rage hayaniyar. Ɗaya daga cikinsu ita ce a zuba tirifsin kaɗan ba tare da an warware antibodin ba. Shi yana da ƙarfin jurewa, HCP kuwa su yayyanke, sai a dumama samfurin antibodin ya dunƙule ya kwanta, a ɗebe guntayen da ake so daga sama. Wasu kuma suna tace antibodin su fitar da shi tukuna, duk da cewa yakan tafi da waɗanda suka manne masa. Idan an riga an san wanda ake nema, ana iya umartar na'urar ta sa ido a kan guntayensa kaɗai, ta auna shi ko bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ba.

Na'urar tana da tsada, tana son ƙwararru da wutar lantarki marar yankewa, kuma sakamakonta ya dogara da ingancin rumbun bayanan. Don haka ba ta kori ELISA ba. Aikin ya rabu: ELISA na tsaron ƙofa a kan kowane rukuni, LC-MS kuma na bayyana abin da ke cikin adadin da abin da ya kuɓuce masa. Kundin Amurka ya ƙara babi na musamman, 1132.1, a kan wannan hanya.

Labarin PLBL2

Misalin da ya fi nuna amfanin haɗa hanyoyin biyu shi ne na lebrikizumab, antibodin da kamfanin Genentech ya gwada a kan masu cutar asma. Masu bincike sun lura cewa sakamakon ELISA ba ya zama wuri ɗaya idan aka tsinka samfurin. Da suka bi sawu da na'urar auna nauyi, sai suka tarar da furotin ɗin hamsta guda ɗaya, PLBL2, wanda ke manne wa maganin yana bin sa ta bututun tacewa, a yawan da ya zarce abin da gwajin gama-gari ya nuna. Da aka duba jinin waɗanda suka karɓi maganin, kimanin kashi 90 cikin 100 sun ƙera antibodi a kan PLBL2. Ba a ga hakan ya jawo musu wata illa ba, amma kamfanin ya gina gwaji na musamman ga wannan furotin, ya gyara hanyar tacewa, kuma martanin ya ragu ƙwarai a gwajin da ya biyo baya. Tun daga nan PLBL2 ya shiga jerin sunayen da kowane kamfani ke dubawa.

Masu cin magani a cikin kwalba

Akwai rukunin HCP da ɓarnarsu ba a jikin mutum take farawa ba. Yawancin magungunan antibodi ana zuba musu ɗan sinadarin folisobet, nau'i na 20 ko na 80, domin ya hana furotin dunƙulewa idan aka girgiza kwalba. Folisobet yana da jela ta kitse, kuma ƙwayar CHO tana da enzayim masu narkar da kitse, irin su LPL da LPLA2. Ko da ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan suka saura, suna da lokaci: magani yakan yi shekara biyu ko uku a ajiye, su kuma suna yanka a hankali. Kitsen da suka saki yakan taru ya zama ƙananan ɓurɓushi a cikin ruwan, kariyar da folisobet ke bayarwa kuma ta ragu. Wasu enzayim, kamar katefsin D, antibodin kansa suke yankawa.

A nan jimillar ELISA ba ta da abin faɗa, domin magani mai HCP 5 cikin miliyan yana iya lalacewa kafin mai 50, idan akwai irin wannan enzayim a cikin biyar ɗin. Shi ya sa ake haɗawa da gwajin aiki, inda ake ba samfurin wani sinadari mai kama da kitse a ga ko zai narkar da shi, da kuma ajiye magani tsawon watanni ana auna folisobet ɗin da ya rage. Idan an gano mai laifin, ana iya canza ruwan wanke bututu, a ƙara mataki, ko a koma tushe a goge umarnin gadonsa daga ƙwayar CHO da fasahar CRISPR, muddin ƙwayar za ta rayu ba tare da shi ba.

Abin da ya shafe mu

Magungunan antibodi suna ƙara kusantar Afirka. A 2020 FDA ta amince da Inmazeb da Ebanga, magungunan Ebola da aka gwada a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. A Mali an gwada antibodin CIS43LS, wanda allura ɗaya ta kare mafi yawan manyan da aka yi wa daga kamuwa da zazzaɓin cizon sauro na tsawon watanni shida. Ta fuskar sankara kuwa, ƙarewar haƙƙin mallakar tsofaffin magunguna ta ba wasu kamfanoni damar ƙera kwatankwacinsu a farashi mai sauƙi. A Disambar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance kwatankwacin trastuzumab na farko.

Kwatankwacin maganin antibodi ba kamar kwafin farasitamol ba ne. Kowane kamfani da zuriyar ƙwayarsa, da abincin da yake ba ta, da hanyar tacewarsa, saboda haka ragowar furotin ɗinsa ma daban take. Gwajin ELISA na wani kamfani ba zai yi wa maganin wani adalci ba; kowanne sai ya kawo hujjarsa. Nauyin duba wannan hujja a Najeriya yana kan hukumar NAFDAC, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga zuwa mataki na uku na ƙwarewa a Maris ɗin 2022. Mai duba takardun irin wannan magani ba ya tsayawa a kan adadin da aka rubuta. Yana tambayar wace ƙwaya aka yi wa dabbobin allura da ita, kashi nawa na furotin kayan gwajin ke ganewa, ko sakamakon yana zama daidai idan an tsinka samfurin, da kuma ko an tantance sunayen waɗanda suka saura.

Majiyyaci ba shi da hanyar ganin HCP da ido, likita ma haka. Abin da ke hannunsu shi ne samun maganin ta hanyar da hukuma ta yi wa rajista, ajiye shi a sanyin digiri 2 zuwa 8 kamar yadda aka rubuta a kwali, ƙin amfani da kwalbar da ruwanta ya gurɓace ko ya nuna ɓurɓushi, da kai rahoton duk wani zazzaɓi, ƙaiƙayi ko sarƙewar numfashi da ya biyo bayan allura, tare da lambar rukunin da ke jikin kwalbar. Da wannan lamba ce ake iya komawa ga tankin da maganin ya fito, a ɗauko samfurin da aka ajiye, a sake auna shi.